Ranar da Na Yi wa Gawo Ta'aziyya

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ko da ma na so in manta mutanen Wudil ba za su bari ba. Har yau in na shiga kasuwa sayen kayan miya, da wuya in fito ban haɗu da wanda zai gaishe ni da fara'ar da ta wuce ƙa'ida ba, ya ce, "Malama, ya ƙarin haƙuri? Ashe rashi aka yi a gona?" Ni kuma in ce, "Da godiya," in karɓi tumaturina in yi gaba. Tunda labarin ya riga ya zaga gari a bakin wasu, gara ku ji shi daga bakin mai shi.

Ni 'yar birni ce. A cikin Kano aka haife ni, a irin lungun da in ka ga kore to fentin ƙofa ne. Aure da aiki ne suka kawo ni Wudil, inda nake koyar da Turanci a wata sakandaren 'yan mata. Maigidana, Baban Ihsan, ma'aikacin gwamnati ne amma ɗan Dagumawa, a gona ya tashi. Mahaifinsa, wanda duk muke kira Baba, manomi ne na gidi, dattijo marar yawan magana, wanda in ya dubi sama ya ce a kwashe shanya, to a kwashe kawai. Ni kuwa a lokacin da aka kawo ni ban iya bambance gero da dawa ba sai sun fitar da kai. (Tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: sai da na yi aure na san cewa gyaɗa a cikin ƙasa take 'ya'ya. Na ɗauka a reshe take reto kamar wake.)

Ciwon ya kama ni ne lokacin jegon Ihsan. Ina gidanmu, ba fita, ba makaranta, daga wanka sai kunun kanwa sai kallon bango. Wata rana da hantsi ina canza tasha sai na faɗa kan wani shiri na tsirrai. An nuna ƙwayar iri tana tsagewa a ƙarƙashin ƙasa, saiwa tana fitowa tana lalube kamar yatsan makaho, ganye yana miƙa yana buɗewa, abin da ke ɗaukar sati biyu an matse shi cikin ƙiftawar ido. Na ce Allahu Akbar, na ajiye kofin kunu. Daga ranar shi ke nan. Na kalli furen da ke cin ƙuda. Na kalli itacen da ke naɗe ɗan'uwansa har ya shaƙe shi. Na kalli dazuzzukan da rana ba ta taɓa ƙasarsu. Abin da ya fi tafiya da ni shi ne muryar masu gabatarwar: su tsuguna kusa da tsiro su riƙa magana ƙasa-ƙasa, kamar masu tsoron kada su tashi jariri.

Kafin in yi arba'in na zama masaniya. Da na koma aiki kuwa, ɗakin malamai ya shiga uku. Mutum yana cin ɗanwakensa cikin kwanciyar hankali sai in ja kujera in ce, "Kin san kuwa bishiyoyi suna aika wa juna abinci ta saiwa?" Aka sa mini suna Farfesa. Na karɓa hannu bibbiyu, don ban ga alamar zolaya a ciki ba. (Furanni uku na saya a tukunya a wannan shekarar, duka ukun suka mutu a hannuna. Na ɗora laifin a kan ruwan rijiyarmu.)

Don haka da Firinsifal ɗinmu, Hajiya Rabi, ta nemi wadda za ta riƙe ƙungiyar kare muhalli ta makaranta, kowa ta sunkuyar da kai, ni na ɗaga hannu. Ta ce a taron iyaye da malamai na zangon farko kowace ƙungiya za ta nuna wani abu. Masu wasan kwaikwayo za su yi wasa, masu girki za su yi cincin.

Na ce, "Hajiya, ni fim zan yi."

Ta sauke tabarau ta dube ni. "Fim kuma?"

"Fim na tsirran ƙasar Wudil. Kullum na Turawa muke kallo, dajinsu, furensu. Mu ba mu da tsirrai ne? Lokaci ya yi da za a wayar wa manomanmu da kai."

Ku riƙe wannan jimla ta ƙarshe. Ni, da bakina, na ce zan wayar wa manoma da kai.

A dogon hutu, wajen ƙarshen Agusta, damina ta kankama, Baban Ihsan ya ɗauke ni a babur muka tafi Dagumawa gaida su Baba. Bayan na durƙusa na gaida Baba daga bakin zaure, na shiga ciki muka gama gaisawa da surukata Inna, sai na ba ta riƙon Ihsan na ce zan ɗan zaga bayan gari in sha iska. A jakata akwai waya da wata ƙaramar sanda mai ƙafa uku da na saya don ɗora ta. Ban nemi rakiya ba. Mai ilimi ba ya son a riƙa katse shi.

Gonar Baba ba ta da nisa. Ko'ina kore shar, dawa ta tashi, gero ya fitar da kai, wake ya shimfiɗu a ƙasa. Sai ga ta a tsakiyar gonar: wata ƙatuwar bishiya mai jiki toka-toka, rassanta sun bazu sama, ƙaya ce kawai a jikinsu, ko ganye ɗaya babu. A tsakiyar damina! Gabana ya faɗi, amma (Allah ya yafe mini) faɗuwar gaba ce ta murna. Ga abin da nake nema. Ga sauyin yanayi, ga gurgusowar hamada, sun zo har gonar surukina sun tsaya mini a gaban kyamara.

Na kafa waya, na gyara hijabi, na dafa jikin bishiyar, na sauke murya. Sau biyar ina maimaitawa, don a na farko wani jaki ya yi kuka, a na uku kuma ƙaya ta kama mini hijabi. A na biyar har idona ya kawo ruwa. Na lura cewa dawar da ke ƙarƙashin bishiyar ta fi ta ko'ina tsayi da kauri, amma ban tsaya tambayar kaina dalili ba. Na ce a cikin fim ɗin amfanin gona ne ya taru yana yi mata bankwana.

Ina hanyar komowa, a gefen gonar inda ƙasar ta zama rairayi, na ga abu na biyu. Wasu 'yan furanni ne ruwan hoda mai ratsin shunayya, sun jeru a kan siririn kara, sun cika wurin gwanin sha'awa. Dawar wurin gajeruwa ce, ganyenta ya yi rawaya, ta tsuguna kamar mai jin kunya. Na sa tsinke na tona gindin fure ɗaya, sai na ga saiwarsa ta kama saiwar dawa ta manne. Wallahi sai da na yi kabbara. Abin da na sha gani a talabijin ke nan, tsirrai suna riƙe hannun juna a ƙarƙashin ƙasa! Na sake kafa waya.

Bayan sati uku na sake komawa, lokacin furannin sun fara bushewa sun yi 'ya'ya. Na tuge su da yawa na cika buhu. Wata mata da ta zo wucewa da itace a ka ta tsaya ta ce, "Sannu da aiki, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka, ya raba mu da shi." Na ce amin, a raina ina cewa ashe har mutanen ƙauye sun fara fahimtar illar sauyin yanayi. A gida na shanya su a sito, inda maigida ba ya shiga, na kakkaɓe su a kan jarida. Irin ƙanana ne kamar ƙura. Na ƙulla su a 'yan ƙananan ambulan, na rubuta a bayan kowanne da jan biro: "Shuka fata."

Adalci ya sa in faɗa cewa Baban Ihsan ya yi ƙoƙari. Wata rana da yamma yana wanke babur a tsakar gida na ce masa, "Kai ko ka san babbar bishiyar gonar Baba ta mutu?"

Ya ɗago. "Wacce? Gawon?"

"Ko ma mene ne sunanta. Ta bushe ƙarmas."

Ya yi dariya. "Haba Maman Ihsan, gawo a damina? Ai haka yake."

Na ce, "Ka ji matsalarku. Komai aka faɗa sai ku ce haka yake. Haka yake, haka yake, har hamada ta zo ta same ku a tsakar ɗaki. Shekara nawa kana wucewa ta gabanta ba ka lura ba, ni zuwa ɗaya na gani."

"Ki tsaya in gaya miki..."

"Na san abin da za ka ce. Ka bari sai ranar taro ka kalla."

Ya dube ni, ya dubi soson da ke hannunsa, ya ce, "To, Farfesa." Ya ci gaba da wankinsa. Maganar furen kuwa ban yi masa ba sam, don ita ce ba-zatar da na tanada. Na dai roƙe shi ya gayyato Baba, tunda gonarsa ce za ta fito.

Ranar taro ta zo bayan an ɗauke ruwa, an fara yankan gero. Ɗakin taro ya cika, maza a dama, mata a hagu, ɗalibai a baya. Yawancin iyayen manoma ne daga Wudil da Dagumawa da Achika da sauran ƙauyuka, wasu ma daga gona suka wanke ƙafa suka zo. Baba yana layin gaba cikin farar riga, sandarsa a tsakanin gwiwoyinsa, Baban Ihsan a gefensa. Na sa sabon leshi. Aka tayar da janareta, aka rufe tagogi, aka haska majigi a jikin farin zanin gado. Na karɓi makirfo na yi sallama, na ce, "Iyayena, abin da za ku gani yau zai canza yadda kuke kallon gonakinku."

Wannan kam ban yi ƙarya ba.

Farkon fim ɗin ya tafi lafiya. Kogin Wudil ya fito, da masu kwale-kwale, da lambunan bakin ruwa. Mutane suna nuna wuraren da suka sani, ana "ga gada can", ana murna. Na tsaya a gefen allo na harɗe hannu ina gyaɗa kai.

Sai kiɗan sarewa mai ban tausayi da na ɗora ya shigo. Ga ni a allo, na dafa bishiya, na karkatar da kai. Muryata ta fito ta lasifika, ƙasa-ƙasa:

"Wannan baiwar Allah ta ga kakanninmu. Ta ba su inuwa, ta ba tsuntsaye masauki. Yau ga ta a tsakiyar damina, ruwa yana zuba a kanta, amma ko ganye ɗaya ba ta iya fitarwa. Ta rasu. Mu muka kashe ta, da sakacinmu."

Sai na ji wani ɗan gunaguni a ɓangaren maza. A ɓangaren mata na ga wasu sun ja mayafi sun rufe fuska, kafaɗunsu suna rawa. Na ce a raina, Allah sarki, kuka suke. Wani tsoho ya sunkuyar da kai yana goge ido da bakin rigarsa. Na ji wani irin daɗi ya ratsa ni. Na dubi Baban Ihsan don ya ga aikin ilimi, na tarar ya cire hula ya kifa a fuskarsa. Na ce shi ma abin ya taɓa shi.

Sarewa ta canza zuwa mai daɗi. Ga ni kuma a tsugune cikin furanni.

"Amma Allah ba ya barin bayinsa babu fata. Dubi wannan kyakkyawar halitta. Dubi yadda dawa ta rage tsawonta don ta ba ta wuri. Na tona ƙasa na ga saiwoyinsu a rungume da juna, suna musayar abinci kamar maƙwabtan kirki. Da kowace gona a ƙasar Wudil za ta cika da wannan fure, da mun tsira."

Wani daga baya ya ce da ƙarfi, "A'uzubillahi!"

Na ɗauka mamakin ikon Allah ne.

Fim ya ƙare, aka buɗe tagogi. Ba a tafa ba, amma na san manyan ayyuka sukan bar mutane cikin tunani. Na ɗauko kwalin da na ɓoye a ƙarƙashin tebur, na ce, "Iyayena, ban tsaya a magana ba. Na tara muku irin wannan fure da hannuna. Kowa zai tafi da ambulan ɗaya, in damina ta zo ya barbaɗa a gonarsa." Na fara rabawa da kaina daga layin gaba. Na miƙa wa mutum na farko, ya karɓa da yatsa biyu kamar an ba shi kunama. Na biyu ya ɓoye hannuwansa a cikin riga. Na uku, wani dattijo mai jan rawani daga Achika, wanda daga baya na ji sunansa Malam Ɗanjuma, ya miƙe tsaye a hankali. Ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya gaida Firinsifal, ya gaida malamai, ya gaida iyaye, bai bar kowa ba. Sannan ya juyo gare ni cikin ladabi.

"Malama, don Allah tambaya gare ni. Tsakaninki da mutanen Achika, akwai wata gaba ne da ba mu sani ba?"

Na ce, "Gaba kuma, Malam?"

"To in babu, me muka yi miki za ki ba mu irin wuta-wuta? Tun ina saurayi nake tuge abin nan ina ƙonawa. Ya cinye mini dawa, ya cinye mini gero, akwai gonar da na bar wa Allah saboda shi. Rungumar da kika gani a ƙasa, ai irin rungumar da kaska ke yi wa saniya ce. Yau kuma a kira ni makaranta, a zaunar da ni a kujera, a ba ni shi a ambulan?"

Daga nan ɗakin ya fashe. Ashe matan nan ba kuka suke ba. Wata har ta zamo daga benci tana riƙe da ciki. Tsohon da na gani yana goge ido ya ci gaba da gogewa, yanzu da sauti. Wani ya ɗaga murya ya ce, "A tambaye ta yaushe ne sadakar ukun gawon, mu zo!" Wani ya amsa, "Ai mamacin ya tashi, jiya na wuce shi ya yi ganye!" Ɗalibaina, 'ya'yan manoma, waɗanda na hana su kallon fim ɗin kafin ranar don kada su ɓata ba-zata, sun kifa kai a kan gwiwa suna shure-shure.

Ni kuwa ina tsaye da kwali a hannu. Kun san yadda mutum ke jin zafi ya taso daga tafin ƙafa har tsakar ka? Na dubi ƙasa, siminti ne, ba ta da niyyar tsagewa. Na dubi Hajiya Rabi, ta kafa ido a kan wata takarda tana karantawa da gaske, takardar kuwa a juye take. Kuma saboda Farfesa ba ta faɗuwa sau ɗaya, sai na ji bakina yana cewa a makirfo, "Amma a binciken masana..." Dariyar ta ƙaru har ta danne ƙarar janareta.

Sai Baba ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu. Bai tashi ba, bai ɗaga murya ba, amma ɗakin ya lafa.

Ya ce, "Kada wanda ya buɗe takardar nan. A tattara su duka a kai bayan aji a ƙone, a cikin garwa, ba a ƙasa ba." Nan take aka karɓe kwalin daga hannuna, aka bi waɗanda na ba aka amshe. Sannan ya ce, "Jama'a, gonar da kuka gani tawa ce, yarinyar kuma 'yata ce. Ita a birni ta tashi, ba ta sani ba, kuma wanda bai sani ba ba a kama shi da laifin ganganci. In akwai mai laifi, ga shi nan kusa da ni." Ya nuna Baban Ihsan da haɓa. "Shi ya sani, ya yi shiru."

Baban Ihsan ya sauke hula daga fuska. "Baba, wallahi na fara gaya mata..."

"Ka fara. Noma ma in ka fara ka bari, ciyawa ce ke ci." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni abin da ya dame ni ɗaya ne. Shekara da shekaru ina ɓoye wannan gefen gonar kada Ɗanjuma ya gani ya yi mini dariya, yau an haska masa shi a bango, har da kiɗa."

Aka sake fashewa, amma wannan karon dariyar ta rabu, rabi a kaina rabi a kansa. Da gangan ya yi. Ya ɗauki rabin kunyata ya ɗora wa kansa a gaban sa'o'insa, kuma na san ba ƙaramin abu ba ne a wurin mutum irinsa.

A hanyar gida na juya kai gefe ina kallon gonaki. Baban Ihsan ya kafa ido a titi, sai dai babur ɗin yana ta ɗan karkarwa, kuma ba laifin hanya ba ne. Kafin magariba wani ya riga ya tura guntun fim ɗin a waya, ya zaga Wudil, ya haye gada, ya isa Kano. Yayata ta kira ni ta ce, "Ke, an ce kin yi rashi ba ki faɗa ba?" Na kashe wayar. Ranar Litinin na shiga aji na tarar an zana bishiya a allo, an rubuta "Allah ya jiƙan rai" a ƙasanta. Na goge, na ba su gwajin ba-zata a kan nahawu. (Ban yi alfahari da wannan ba, amma ban yi nadama ba.)

Abin da na fi tsoro shi ne zuwa Dagumawa. Na yi ciwon kai a Asabar ta farko, na yi baƙi a ta biyu. A ta uku Baba ya aiko cewa yana son ganin Ihsan, kuma Ihsan ba ta iya zuwa ita kaɗai. Na durƙusa a bakin zaure na gaishe shi, muryata kamar ta sauro. Ya amsa kamar kullum, ya tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya ɗauki sanda ya ce wa ɗansa, "Taso mu je gona. Ka ce wa Malama ta zo da wayar."

An girbe gero, dawa ta sunkuya tana jiran wuƙa, ciyawa ta fara bushewa. A tsakiyar wannan duka ga bishiyata, mamaciyata, ta yi kore shar, ganye ya rufe ta, awaki suna kwance a inuwarta. Na tsaya ina kallonta, ita ma kamar tana kallona.

Baba bai dube ni ba, don surukuta. Da ɗansa yake magana, ni ina gefe.

"Ka gaya wa Malama, gawo ɗan gardama ne. In kowa ya yi ganye shi sai ya zubar, in kowa ya zubar shi sai ya yi. Ganyen da ya zubar da farkon damina shi ne takin wurin. Ba ya tare wa shuka rana, shi ya sa dawar gindinsa ta fi kowacce. Da rani kuma, lokacin da babu komai, dabbobi su ci 'ya'yansa su kwanta a inuwarsa su bar mini taki. Mahaifina ya ce ko da wasa kada in sa masa gatari."

Baban Ihsan ya juyo ya ce, "Baba ya ce..."

Na ce, "Na ji."

Muka zaga gefen rairayin. Ya nuna mana inda yake tuge wuta-wuta kafin ta yi fure, ya ce irinta yana iya kwanciya a ƙasa shekaru yana jiran a shuka dawa, kuma ta fi son gonar da ta gaji, shi ya sa yake ƙara wa wurin taki, wata shekarar ya sa gyaɗa ko wake. Ya tsinko ganye nan, ya tono saiwa can, kowanne da sunansa da amfaninsa da illarsa, da wanda akuya ke ci da wanda take gudu. Ban san lokacin da na ɗaga waya na fara ɗauka ba. Bai yi raɗa ba, bai karkatar da kai ba, da muryarsa ta kullum yake magana, amma a cikin awa ɗaya na ji abin da ban ji ba a shekara biyu ina kallon dazuzzukan wasu.

Da za mu juyo ya ce wa ɗansa, "Ka ce mata aikin da ta yi ba duka ne banza ba. Buhun da ta tuge, bana wurin ya ɗan huta. In tana da sha'awa, baɗi ma akwai." Na rantse na ga gemunsa yana motsi.

Fim na biyu da na nuna a zango na gaba, fuskata ba ta fito ko sau ɗaya ba. Muryar Baba ce da ta Malam Ɗanjuma, suna bayani suna musu da juna. An tafa. Sunan Farfesa dai ya mutu, an maye shi da Malama Wuta-wuta, kuma da alama da shi za a binne ni.

Har yanzu ina kallon shirye-shiryen tsirrai, ban tuba ba. Na dai gane cewa daɗin yin bayani a kan dajin da ke bayan teku shi ne babu wanda zai miƙe a cikin taro ya ƙaryata ka. Tsiron da ke bayan gari kuwa yana da masu shi, kuma suna zuwa taron iyaye. Yanzu in na ga fure mai kyau a gona, kafin in buɗe baki sai na nemi tsoho mafi kusa na nuna masa. In ya yi murmushi, in ɗauki hoto. In ya nemi tsari, in taya shi tugewa.